Gaskiya da Ƙage a Littattafan Frederick Forsyth

Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe suna karkasa ƙagaggun labarai gida-gida bisa ga jigonsu. Akwai na soyayya, akwai na tarihi, akwai na gyaran hali, sa'an nan akwai waɗanda jigonsu shi ne yaƙi da kasada da leƙen asiri. Wannan kaso na ƙarshe shi ne malamai suka fi yi wa kallon raini, suna ɗaukarsa abin kashe lokaci a cikin jirgi ko a ranar hutu. Amma kuwa yana cikin waɗanda jama'a suka fi saye, suka fi karantawa, suka kuma fi gaskatawa. Abin da mutane da yawa ke karantawa suna gaskatawa kuwa bai kamata mai ilmi ya kau da kai daga gare shi ba.

Wannan lacca za ta dubi littattafan marubuci guda daga cikin masu irin wannan rubutu, watau Frederick Forsyth, mutumin Ingila, wanda aka sayar da littattafansa fiye da kwafi miliyan 75. Dalilin zaɓensa biyu ne. Na farko, shi ne ya fito da wani salo na cuɗa gaskiya da ƙage wanda marubuta da yawa suka bi daga baya. Na biyu, a yaƙin basasar Nijeriya ya sami wani ɓangare na abin da ya gina labaransa da shi, don haka mai karatu na wannan ƙasa yana da hakkin ya auna shi da ma'auni na musamman.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Forsyth ran 25 ga Agusta 1938 a garin Ashford na ƙasar Ingila. Yana ɗan shekara 19 ya zama matuƙin jirgin saman yaƙi, daga nan ya shiga aikin jarida. A 1961 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ɗauke shi, ya tura shi Faris, daga bisani kuma Balin ta Gabas. A 1965 ya koma BBC, wadda ta aike shi yankin Biyafara a watan Yuli na 1967, daidai lokacin da yaƙi ya ɓarke. Bai daɗe ba ya saɓa da shugabanninsa a kan yadda ake ba da labarin yaƙin, ya ajiye aiki a 1968, ya koma Biyafara da ƙashin kansa. A can ya shaƙu da Odumegwu Ojukwu ƙwarai, ya rubuta littafinsa na farko, The Biafra Story, wanda ya fito a 1969.

Da yaƙi ya zo ƙarshe ya koma Landan ba aiki ba kuɗi. Talauci ne ya sa ya zauna a farkon 1970 ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko cikin kwana 35. Daga nan sai alƙalami ya buɗe: The Day of the Jackal a 1971, The Odessa File a 1972, The Dogs of War a 1974, The Devil's Alternative a 1979, The Fourth Protocol a 1984, The Fist of God a 1994, The Afghan a 2006, har zuwa The Fox a 2018, ban da waɗansu da dama a tsakani. Ya rasu ran 9 ga Yuni 2025 yana da shekara 86. Littattafai uku na farko su ne tushen sunansa, su ne kuma za a fi mai da hankali a kansu a nan.

Ranar Dila: Jan Rai Ba Tare da Ɓoye Ƙarshe Ba

Ma'anar sunan littafin farko ita ce Ranar Dila. Tushensa abu ne da ya auku. Bayan da Janar Charles de Gaulle, watau Digol, ya yarda da 'yancin Aljeriya a 1962, waɗansu sojojin Faransa da Turawa mazauna Aljeriya suka ga ya ci amanarsu, ƙungiyarsu ta ɓoye mai suna OAS ta sha alwashin kashe shi. Ran 22 ga Agusta 1962 aka buɗe wa motarsa wuta a unguwar Petit-Clamart kusa da Faris, ya tsira. Jagoran maharan, Laftanar Kanar Bastien-Thiry, an harbe shi bisa hukuncin kotun soja ran 11 ga Maris 1963. Duk wannan tarihi ne, da shi kuma littafin ya buɗe.

Daga nan ƙage ya shigo. Marubucin ya ƙaddara cewa shugabannin OAS, da suka ga jami'an tsaro sun san duk mutanensu, sai suka yi hayar wani baƙo, Bature ɗan Ingila wanda ba wanda ya san sunansa, a kan dala rabin miliyan. Laƙabin da ya zaɓa wa kansa shi ne Dila. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan laƙabi, domin a tatsuniya ma dila shi ne malamin daji, mai cin nasara da dabara ba da ƙarfi ba.

A nan ne babbar matsalar littafin take, a nan kuma gwanintar mai shi ta bayyana. Kowa ya san ba a kashe Digol a 1963 ba; ya sauka daga mulki a 1969, ya rasu a gidansa a watan Nuwamba na 1970. Saboda haka kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓar littafin, suna cewa wa zai karanta labarin da ya riga ya san ƙarshensa. Abin da ba su lura ba shi ne, jan rai iri biyu ne. Akwai wanda ya dogara ga tambayar me zai faru, akwai kuma wanda ya dogara ga tambayar ta yaya zai faru. Forsyth ya ɗauki na biyu. Mai karatu ya san Dila ba zai yi nasara ba, amma yana ganin shirinsa ba shi da kafa ko ɗaya, sai ya ƙagauta ya ga ta inda zai warware.

An raba littafin kashi uku: ƙulla makirci, farautar mai makirci, da ranar kisa. A kashin farko an bi Dila mataki-mataki. Ya shiga maƙabartu yana duba duwatsun kaburbura har ya sami yaron da aka haifa kusa da shekarar haihuwarsa, ya mutu yana ƙarami. Ya nemi takardar haihuwar yaron daga ofishin rajista, ya sami fasfo da ita. Ya saci fasfo biyu, na wani fasto ɗan Denmak da na wani ɗalibi Ba'amurke. Ya tafi Beljiyam aka ƙera masa bindiga siririya wadda za a kwance a ɓoye cikin sandar gurgu. A kashi na biyu aka kawo abokin karawarsa, Kwamishina Claude Lebel, ɗan sanda marar kwarjini, wanda makaminsa wayar tarho ne da fayil da haƙuri. Daga nan labarin ya riƙa tsalle tsakanin mutanen biyu, babi na bin babi, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa, har ran 25 ga Agusta 1963, ranar bikin 'yantar da Faris. Dila ya saita, ya harba, amma a daidai wannan lokaci Digol ya sunkuya don ya sumbaci kumatun wani tsohon soja bisa al'adar Faransawa, harsashi ya wuce. Ɗan Ingila ya lissafa kome, ya manta da al'adar mutanen da ya zo ƙasarsu.

Akwai darasi a nan ga ma'aikacin gwamnati. Duk lokacin da Lebel ya kusa cim ma Dila sai ya tarar ya riga ya sulale. Daga baya ta bayyana cewa wani babban hafsa daga cikin 'yan kwamitin tsaro yana komawa gida yana kwashe asirin taro yana gaya wa farkarsa, ita kuwa 'yar OAS ce. Ashe ɓarakar ba a bakin iyaka take ba, tana cikin ɗakin taro. Baki shi ke yanka wuya.

Salon Ɗan Jarida

Abin da ya bambanta Forsyth da waɗanda suka gabace shi shi ne ya rubuta ƙage da alƙalamin rahoto. Ana iya ware dabarunsa guda huɗu.

Ta farko, yana ambaton rana da sa'a da sunan titi da lambar ɗaki, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ta biyu, yana zuba mutane na gaske a cikin na ƙage, su yi magana da juna a shafi guda. Ta uku, yana ba da muhimmanci ga yadda ake yin abu: yadda ake buɗe asusun ajiya a Suwizalan, yadda ake sayen jirgin ruwa, yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur a ma'aikata. Ta huɗu, ba ya shiga zuciyar taurarinsa. Har littafin ya ƙare ba a san sunan Dila na gaskiya ba, ba a san abin da yake ji ba. Aikinsa kawai ake gani.

Cuɗa tarihi da ƙage ba baƙon abu ba ne ga mai karatun Hausa. A cikin Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, an fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, da sunayen sarakuna da garuruwa na gaske, kana labarin ya tsallaka duniyar aljannu. Bambancin shi ne, a Ganɗoki mai karatu yana ganin inda aka tsallaka, ba wanda zai ruɗe. A wajen Forsyth kuwa an goge ɗinkin, ba a ganin inda gaskiya ta tsaya ƙage ya soma. Wannan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma haɗarinsa.

Cewa bayanansa suna da tushe, abubuwan da suka biyo baya sun tabbatar. A 1974 wani ɗan majalisar Ingila, John Stonehouse, ya yi ƙaryar nutsewa a teku a Amurka, ya gudu Ostareliya da fasfo mai sunan mamaci, ta hanya mai kama da ta Dila. A 1975 kuma jaridun Ingila suka laƙaba wa ɗan ta'addan nan na Benezuwela, Carlos, sunan Dila, domin an tsinci kwafin littafin a wani gida a Landan inda ya ajiye kayansa.

Fayil ɗin Odessa

Littafi na biyu ya koma Jamus ta Yamma a ƙarshen 1963. Wani matashin ɗan jarida na Hambug, Peter Miller, ya sami kundin tunawa na wani tsoho Bayahude da ya kashe kansa. Kundin ya ba da labarin ta'asar da wani hafsan rundunar SS, Eduard Roschmann, ya yi a unguwar da aka tsare Yahudawa a birnin Riga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Miller ya shiga nemansa, ya yi karo da wata ƙungiyar asiri mai suna Odessa da ke kare tsofaffin 'yan Nazi. Sai can ƙarshe aka gane dalilinsa: Roschmann ne ya harbe mahaifinsa, wanda hafsa ne a sojan Jamus.

Miller ƙage ne, amma Roschmann mutum ne na gaske, yana raye a Ajantina lokacin da littafin ya fito. Simon Wiesenthal, mai farautar 'yan Nazi, wanda shi ma ya fito a labarin da sunansa, ya taimaka wa marubucin da bayanai. Littafin da fim ɗinsa na 1974 suka sa sunan Roschmann ya bazu a duniya. A 1977, da Jamus ta Yamma ta nemi a miƙa mata shi, ya gudu Faraguwai, ya mutu a can a wannan shekara. A nan ƙage ya yi wa gaskiya aiki.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Masana tarihi da yawa suna shakkar an taɓa yin ƙungiya guda mai tsari da shugabanci mai suna Odessa. Abin da aka tabbatar shi ne an yi hanyoyi daban-daban da 'yan Nazi suka bi suka tsere zuwa Kudancin Amurka da Gabas ta Tsakiya. Duk da haka masu karatu da yawa sun ɗauki Odessa a matsayin tarihi, domin sun same ta a shafi guda da Roschmann da Wiesenthal. Gaskiya ta tsaya wa ƙage shaida.

Karnukan Yaƙi da Afirka

Littafi na uku, wanda ma'anar sunansa ita ce Karnukan Yaƙi, shi ya fi shafar wannan nahiya. Ya buɗe da dare a wani filin jirgin sama na daji, a yankin da ya yi yunƙurin ɓallewa aka ci shi da yaƙi, wani janar yana sallama da sojojin hayarsa kafin ya tafi gudun hijira. Ba a ambaci suna ba, amma duk wanda ya san yadda Ojukwu ya tashi daga filin Uli zuwa Kodebuwa a watan Janairu na 1970 ya san abin da ake nufi.

Jigon labarin shi ne, wani attajirin Landan, Sir James Manson, ya gano akwai ma'adinin filatinam mai ɗimbin yawa a wani dutse a ƙasar Zangaro, ƙasar ƙage a Afirka ta Yamma. Maimakon ya nemi izinin haƙa, sai ya ga sayen gwamnatin ya fi araha. Ya yi hayar wani sojan haya, Cat Shannon, ya ba shi kwana 100 ya kifar da shugaba Kimba, a ɗora wani kanar da zai sa hannu a kan duk takardar da aka miƙa masa. Abin mamaki shi ne, faɗan kansa 'yan shafuka ne a ƙarshe. Mafi yawan littafin ciniki ne: kamfanonin boge, asusun banki, bindigogi daga Beljiyam, harsasai daga Sifen, manyan makamai daga Yugoslabiya, da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, watau takardar da wata gwamnati ke sa wa hannu cewa makaman nata ne ba za ta miƙa wa wani ba. Ta hannun wani jami'in jakadanci mai karɓar rashawa aka sami irin wannan takarda. Saƙon a fili yake: kafin a ci ƙasa da bindiga, an riga an ci ta da hatimi da sa hannu.

Wannan ma bai tsaya a takarda ba. A watan Janairu na 1973 hukumomin Sifen suka tsare wani jirgin ruwa a tsibiran Kanari ɗauke da sojojin haya da ke nufin Ikwatoriyal Gini, ƙasar da Macías Nguema ke mulka da zalunci, wadda kuma a lokacin take da dubban leburori 'yan Nijeriya a gonakin koko. A 1978 jaridar Sunday Times ta zargi Forsyth da hannu a wannan shiri, ya musanta a lokacin. Ran 16 ga Janairu 1977 Bob Denard ya sauka a filin jirgin Kwatano da sojojin haya don kifar da Mathieu Kérékou, aka kore su cikin 'yan sa'o'i. A 1978 ya yi nasara a tsibiran Komoros. A 1977 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zartar da yarjejeniyar hana aikin sojan haya a Librebil. A watan Maris na 2004 kuma aka kama Simon Mann a Harare tare da mutum fiye da 60, su ma Ikwatoriyal Gini suka nufa. Ba littafin ne ya haifi waɗannan abubuwa ba, amma ya bayyana yadda ake ƙulla su tun kafin yawancinsu su auku.

Inda Ya Kamata A Yi Hattara

Ƙarshen Karnukan Yaƙi yana da abin dubawa. Shannon ya ci amanar ubangidansa, ya harbe kanar ɗin da aka shirya, ya miƙa mulki ga wani Dakta Okoye da baƙin ma'aikata 'yan ƙabilar janar ɗin da aka gani a farkon littafi. Marubucin ya nuna wannan a matsayin adalci. Amma ainihin mutanen Zangaro ba wanda ya tambaye su. An zana su jahilai, matsorata, masu camfi, ƙasarsu kuwa kaya ce da wani Bature zai ƙwace daga hannun wani Bature ya ba wanda ya ga dama. Littafin ya tona asirin kamfanonin da ke wawashe Afirka, sa'an nan ya mai da sojan haya gwarzo. Tilas mai karatu ya riƙe abubuwan nan biyu tare.

Haka al'amarin yake ga The Biafra Story. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, shi kansa marubucin kuma bai ɓoye cewa daga ɓangaren Biyafara ya rubuta shi ba. Abin da ya gani da idonsa na yunwar yara gaskiya ne, kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a Arewa a 1966 ma gaskiya ne, ba kuma mai hankalin da zai musa. Amma shaidar mutum guda ce da ya zauna a gefe guda na fagen fama, abokin shugaban wannan gefe, wanda har ya rubuta tarihin rayuwarsa mai suna Emeka a 1982. Wanda ke son fahimtar abin da ya auku tun daga kisan Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 har zuwa ƙarshen yaƙi ran 15 ga Janairu 1970, sai ya haɗa da shaidar sauran ɓangarori.

Wani abu kuma ya ƙara nauyin wannan gargaɗi. A littafin tarihin rayuwarsa, The Outsider, na 2015, Forsyth ya bayyana cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Ingila, MI6, aiki fiye da shekara 20 ba tare da albashi ba, tun daga zamansa a Biyafara. Ashe mai ba da labarin 'yan leƙen asiri yana da ƙafa a gidansu. Wannan ya bayyana inda ya sami waɗansu bayanansa, ya kuma bayyana abin da ya sa a littattafansa na baya jami'an Ingila ke fitowa kusan kullum masu gaskiya da ƙwarewa. A The Fourth Protocol abokan gaba su ne Tarayyar Sobiyet da masu ra'ayin gurguzu na jam'iyyar Leba. A The Fist of God, Iraƙi ta Saddam Husaini. A The Afghan, ƙungiyar Alƙa'ida. Abokin gaba yana sauyawa da sauyin manufar Landan.

Ta fuskar adabi ma yana da rauni. Taurarinsa ba su da zurfi, mata a labaransa 'yan rakiya ne, hirar mutanensa kuma sau da yawa hanya ce kawai ta isar da bayani. Wanda ke neman sanin zuciyar ɗan Adam sai ya nemi wani marubucin.

Kammalawa

Ga mai sha'awar rubutu da Hausa, akwai abin koyo a wajen Forsyth: bincike kafin rubutu, tsara labari bisa ƙayyadadden lokaci, da sanin cewa aikin ofis da na kasuwa da na tashar jirgi suna iya ɗaukar labari in an san su da kyau. Ga ma'aikaci, littattafan suna nuna cewa tsaron ƙasa yana rataye ga ƙananan abubuwa, kamar rajistar haihuwa da mutuwa, da hatimin da ke cikin aljihun tebur, da bakin wanda ya fito daga taro. Ga ɗalibi kuwa, darasin shi ne na karatu da lura. In marubuci ya faɗi abu tara na gaskiya, ba wannan ne ke tabbatar da na goma ba. A duk shafin da aka karanta ya kamata a yi tambaya uku: wanne ne ya auku, wanne ne aka ƙaga, wa kuma ya amfana da haɗa su. Wanda ya riƙe waɗannan tambayoyi zai sha daɗin labarin, ya ƙaru da iliminsa, ba tare da an yi masa sakiyar da ba ruwa ba.